Kuɗina a Wayar Malam

Litinin, 7 ga Agusta, bayan La'asar

Kwana ashirin yau. Masu zuwa gaisuwa sun ragu, an naɗe tabarmin ƙofar gida. Na ɗauko wannan littafin cikin kayan aikin Malam, wanda yake rubuta sunayen manoman da za a ba taki. Shafi huɗu kawai ya ci. Sauran ni zan cinye, tunda an ce mai takaba ba ta ɗaga murya, abin da yake cikina kuwa ba ya faɗuwa a hankali.

Alhaji Maikasuwa, mai gidan nan da muke haya shekara bakwai, ya aiko matarsa. Ta yi gaisuwa, ta sha ruwa, ta yi ta juya kofin a hannu, sannan ta ce Alhaji yana tambaya ko maganar sayen gidan tana nan. Na ce tana nan. Ta ce to ƙarshen wata ne fa, don zai kama shago a Kano, shi ma an ba shi wa'adi. Kuma akwai wani mutumin Ɓaɓura da yake son gidan, da kuɗinsa a hannu.

Miliyan uku aka daidaita tun Malam yana nan. Suna banki da sunana. Shanu huɗu ne na gadon Baffana da gonarmu ta gindin dutse a Roni, yayana Mamuda ya sayar ya turo min. Lambar asusun Alhaji ma ga ta a shafi na huɗu, da hannun Malam. Na ce mata ta gaya masa ya kwantar da hankalinsa, gobe zai ga kuɗinsa.

Talata, 8 ga Agusta, da hantsi

Ashe abin ba haka yake ba. Lokacin da na buɗe asusun ba ni da waya. Malam ya ce a sa lambarsa, ai duk ɗaya ne. Haka aka yi. In mai sayen man gyaɗa ya turo min kuɗi, a wayarsa saƙon yake sauka, sai ya leƙo daga zaure ya ce, "Hajiya mai banki, dubu huɗu sun iso, a sammana na shayi." Da na yi waya ma ba mu canza ba. Ni ce ban so a canza ba, don ina son jin wannan maganar.

Yanzu ba a tura ko sisi sai da layin nan, wayar kuma tana hannun yayansa, Yaya Sama'ilu. Shi aka fara kira ranar, shi ya je wurin da abin ya faru, shi ya tafi da wayar da jakar Malam gidansa.

Na roƙi Gwaggo Shatu ta aika masa. Ita ce ƙanwar mahaifinsu da ta riƙe su tun suna ƙanana, ita kuma take zaune da ni har in fita. Ta ce, "Ke da waya a wannan hali? Ki ja carbi."

Na ce, "Na ja, Gwaggo. Ki aika dai."

Laraba, 9 ga Agusta, da rana

Laraba. Ranar da Malam ya fita bai dawo ba. Ban hura wuta ba.

Alhamis, 10 ga Agusta, bayan Azahar

Wannan kam sai na rubuta.

Yaya Sama'ilu ya zo da kansa. Ya tsaya a bakin ɗaki ta bayan labule.

"Maman Baraka, an ce kin aiko a kan waya."

"Eh, Yaya."

"Da kika aiko sai na ce bari in duba abin da ke cikinta. Na ga saƙon banki. Miliyan uku da 'yan kai. Ashe ƙanena yana da wannan, mu kuma muna karo-karo don sadakar bakwai."

Na ce, "Yaya, ba nasa ba ne. Nawa ne."

"A wayarsa suke."

"Saƙon ne a wayarsa. Kuɗin da sunana suke. Gadon Baffana ne."

Sai ya yi wata 'yar dariya. Ya ce, "Mai ƙuli-ƙuli da miliyan uku. To Allah Ya ƙara buɗi." Ya ce mutane da yawa suna ɓoye kuɗi da sunan matansu, ba yau aka fara ba. Ba za a taɓa waya ba, ba za a taɓa jaka ba, sai an yi arba'in malamai sun zauna sun raba. Ya ce hakkin marainiya yake karewa.

Marainiyar tana zaune a cinyata lokacin. Shekararta biyar, ta fi shi sanin shanun kakanta, har suna ta sa wa jar. Kuma na san lissafinsa. Mace ɗaya muka haifa, don haka yana da rabo.

Mai ƙuli-ƙuli! Ƙuli-ƙulin da yake cika aljihu da shi duk Juma'a in ya zo, har ya ce in ƙara masa mai yaji. Ban faɗa ba. Gwaggo tana kallona, na sunkuyar da kai na ce ya gaida gida.

Asabar, 12 ga Agusta, da hantsi

Maƙwabciyata Fatu ta shigo. Mijinta yana da rumfar cire kuɗi a bakin kasuwa, ta tambaye shi. Ya ce ko da wayar tana hannuna, irin asusuna ba ya tura fiye da dubu ɗari a rana. Na ƙirga da yatsu. Kwana talatin ke nan, wata kuwa saura kwana goma sha tara. Ashe wayar ma ba za ta fisshe ni ba. Na nemi wayar a banza, na tono wa kaina magana a banza.

Fatu ta ce hanya ɗaya ce. In je banki da ƙafata, in cika takarda, in dangwala yatsa, su tura gaba ɗaya.

Gwaggo tana tsintar shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ƙafa? Ba a gidanmu ba. Sau biyu na yi takaba, ko zaure ban leƙa ba. Bankin ya zo shi."

Fatu ta ce, "Gwaggo, banki ba ya zuwa."

"To mu ma ba ma zuwa."

Kuɗina, yatsana, ƙafata. Ko ɗaya ba ni da iko da shi.

Lahadi, 13 ga Agusta, da yamma

Lemun tsamin bayan randa ya yi 'ya'ya, karo na farko. Shekarar da aka haifi Baraka Malam ya dasa shi. Na ce masa wa yake dasa itace a gidan haya? Ya ce wanda ba zai tashi ba.

Guda goma sha ɗaya ne. Na ƙirga sau biyu.

Talata, 15 ga Agusta, bayan La'asar

Matar Alhaji ta dawo, wannan karon ko ruwa ba ta sha ba. Yaya Sama'ilu ya tare Alhaji a ƙofar masallaci ya ce masa kuɗin nan na gado ne, kada ya karɓa. A ƙofar masallaci! Yanzu duk unguwa ta san abin da ke asusuna, har masu kawo min gyaɗa sun ƙara kuɗin kwano.

Alhaji ya ce shi ba ya son abin da zai kai shi gaban alƙali. In kuɗi suka shigo kafin wata ya ƙare kuma babu mai jayayya a kansu, gida nawa ne. In ba haka ba, in yi haƙuri, zai roƙi sabon mai gida ya bar ni har in fita takaba.

Ya roƙa min. A gidan da na daɓe da hannuna. A gidan da na san inda kowane ɗigon ruwa yake sauka in rufi ya jiƙe.

Laraba, 16 ga Agusta, da rana

Laraba. Hadari ya haɗu ta gabas. Na rufe taga.

Juma'a, 18 ga Agusta, bayan an sauko

Na aiki Fatu wurin limamin unguwa ta hannun matarsa. Amsa ta dawo: mai takaba tana iya fita da rana in buƙata ta kama, ba ado, ba ƙamshi, ta dawo ta kwana a ɗakinta. Ya ce addini bai ce a zauna dukiya ta salwanta ba.

Na gaya wa Gwaggo cikin ladabi. Ta ce, "Wane liman? Ɗan Mairo? Ina nan aka raɗa masa suna, ni na dama kunun."

Na ce, "Gwaggo, littafi ya duba."

"Littafin bai san bakin mutanen Kazaure ba. Gobe a ce matar Lawal ko arba'in ba a yi ba tana layin banki. Ni za a zaga, ni na riƙe shi."

Da ta ambaci sunansa sai muryarta ta karye, ta tashi ta shiga banɗaki ta daɗe. Ina jin haushinta, ina kuma tausayinta, ban san wanda ya fi ba. Zan iya saɓa mata in fita. Amma in na fita ba da yardarta ba, Yaya Sama'ilu ya samu abin da zai faɗa: ga ta nan, ta tsallake takaba ta je kwashe kuɗin marayu.

Lahadi, 20 ga Agusta, da hantsi

Na kira Mamuda na gaya masa. Ya yi ta salati, ya ce shanun da ya kora da hannunsa har kara? Ya ce zai zo ranar arba'in ya faɗa a gaban kowa. Na ce za su ce ɗan'uwana ne, me zai ce in ba haka ba. Sai ya ce, "To ai ga takardar cinikin, wadda dillali da shaidu suka sa wa hannu, wadda na ba wa..."

Na ce ba na jin sa sosai. Na kashe.

Akwai abin da zai kashe maganar nan kafin a sha kofin ruwa. Na san inda yake. Ba zan iya cewa a buɗe ba, don za a tambaye ni yadda aka yi ya shiga can.

Talata, 22 ga Agusta, bayan Azahar

Na ji muryoyi a bayan katanga. Mutumin Ɓaɓura ne da magini, suna awo. Ina jin su tar. Za a fasa nan a fitar da shaguna biyu. Maginin ya ce, "Wannan itacen da ya leƙo fa?" Ya ce, "Sare shi za a yi, me ake da lemun tsami."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na je jikin katangar na ce, "Bayin Allah, akwai mutane a ciki! Ba a sayar ba tukuna!"

Kwana talatin da biyar ban ji muryata haka ba. Na ji takunsu suna barin wurin. Gwaggo ta fito da ludayi a hannu. Na jira faɗa. Ta kalle ni, ta kalli lemun, ta ce, "Ki gyara mayafinki." Shi ke nan abin da ta ce.

Laraba, 23 ga Agusta, da rana

Laraba.

Juma'a, 25 ga Agusta, da yamma

Ana dakan gumbar arba'in. Baraka ta tambaye ni ko in mun tashi Baba zai san sabon gidan. Na ce ba za mu tashi ba. Allah Ka gafarta min in ƙarya na yi mata.

Saura kwana shida.

Lahadi, 27 ga Agusta, bayan Magariba

An yi addu'a da safe, an watse. Dattawa suka rage a zaure, Gwaggo ta zauna a bakin ƙofar ciki, ni ina bayanta, ina jin komai.

Mamuda ya yi bayani tiryan-tiryan. Shanu huɗu, gona ɗaya, ranar kaza ya tura. Yaya Sama'ilu ya ce, "Malam Mamuda, ba na ƙaryata ka. Amma ƙanwarka ce. Ina shaida?"

Mamuda ya ce, "Shaida tana gidanka."

"Gidana?"

"Takardar ciniki. Ita marigayi ya je karɓa Roni ranar. Na ce ya bari ruwa ya ɗauke, ya ce ana jiransa a gida. A gabana ya ninke ta ya sa a jaka, ya rataya, ya hau babur."

Duk kwanakin nan ana cewa me ya kai shi Roni cikin wannan hadari, ranar aiki. Yanzu an sani.

Na ji Yaya Sama'ilu ya tashi. Bai yi sallama da kowa ba, na ji ƙarar takalminsa kawai.

Da La'asar Gwaggo ta shigo ɗaki ta saki labule. Ta zauna a bakin gado, ta ce, "Sadiyya, ke kika aike shi?"

Na ce eh. Na ce ya ce min a bari sai gobe, na ce goben nan tasa ba ta ƙarewa. Na ce masa ina son takardar a hannuna kafin a biya kuɗi, don kada wata rana wani ya ce gidan ba da kuɗina aka saya ba. Ya yi dariya ya ce wa zai ce? Na ce ka je dai. Ko ruwan da na ɗebo masa bai shanye ba.

Ban taɓa faɗa wa kowa ba. A nan ma ban rubuta ba sai yau.

Gwaggo ta gyara zama. Na ce yanzu za ta tattara kayanta. Sai ta ce, "Yana da shekara tara ya bi akuyata cikin ruwa har bayan dutse, na hana shi bai hanu ba. Ke kin isa ki aiki Lawal inda bai yi niyya ba? Kwanansa ne ya ƙare, 'yar nan." Ta share fuska da gefen zane. "Amma dai don kada a taɓa miki kuɗi ya fita. To ba zan zauna a kan tabarma ina kallo a taɓa ba. Ƙarfe nawa bankin naku yake buɗewa?"

Litinin, 28 ga Agusta, bayan La'asar

Mun je. Mijin Fatu ya kira mana adaidaita har bakin zaure. Na lulluɓe har ido, Gwaggo ta riƙe hannuna kamar za a sace ni. Kwana arba'in ban ga titi ba. Komai yana nan yadda yake, mai rake, mai faci, 'yan acaɓa a inuwa. Na ji haushin su duka.

Ƙofar bankin irin mai rufe mutum ce a ciki ta duba shi. Na shiga, ta ƙi buɗewa. Na fito na sake shiga, ta ƙi. Mai gadi ya ce, "Hajiya, akwai ƙarfe a jikinki?" Sai na tuna da 'yar wuƙar da Gwaggo ta soke min a ƙugu tun ranar farko, wadda ta ce mai takaba ba ta rabuwa da ita.

Gwaggo ta ce, "Ba za ta cire ba."

"Iya, ba a shiga banki da wuƙa."

"Wuƙar yankan kuɓewa? Kai dubi yarinyar nan, ta yi maka kama da 'yan fashi?"

Layi ya taru a bayanmu, wani yana cewa a yi haƙuri a ba Iya hanya, wani yana dariya. Daga ƙarshe ta zare wuƙar da kanta ta damƙa wa mai gadin, ta ce, "Riƙe. In wani abu ya same ta a ciki, kai ne." Ya karɓa da hannu biyu.

Awa biyu muka yi a kan benci. Wata ma'aikaciya mai gilashi ta karɓe mu. Ta ga shigata, ta yi min gaisuwa a hankali. Ta ba ni takarda, na kwafe lambar Alhaji daga shafi na huɗu, ina bin hannun Malam ɗaya bayan ɗaya. Ta ce in rubuta adadin da kalmomi. Na rubuta. Ta tambayi dalilin turawa, na ce sayen gida. Na dangwala yatsa. Ta kai wa manaja, ya fito ya dube ni ya dubi hotona, ya sa hannu.

Sai ta ce, "Lambar wayar da ke kan asusun taki ce?"

Na ce ta maigidana ce.

"To bari mu cire ta mu sa taki, tunda kin zo."

Na buɗe baki in ce to. Sai na ga kamar zai leƙo daga zaure. Na ce, "A bar ta."

Ta ce saƙon can zai tafi fa. Na ce na sani. Wannan shi ne saƙon da ya fi jira. Wanda yake riƙe da wayar kuma, shi ma ya gani.

Ta ce an tura. Mun karɓi wuƙarmu mun dawo kafin La'asar.

Talata, 29 ga Agusta, bayan Azahar

Alhaji bai ga komai ba. Ya duba ya sake dubawa. Mijin Fatu ya koma bankin da 'yar takardar da suka ba ni, suka ce kuɗi sun fita daga wurinsu, a jira, wani lokaci babban kuɗi yana kwana a hanya. Wace hanya? Shanu huɗu da gona suna kwana a wace hanya? Ba sa hannuna, ba sa hannunsa. Matar Alhaji ta ce mutumin Ɓaɓura zai zo jibi da safe, kuma har yanzu Alhaji bai ji an janye jayayya ba.

Na yi duk abin da aka ce. Na fita, an gan ni, an yi da ni. In gidan ya tafi bayan wannan, ban san wa zan yi wa fushi ba kuma.

Laraba, 30 ga Agusta, bayan La'asar

Yau Laraba, amma zan rubuta.

Yaya Sama'ilu ya yi sallama da hantsi. Bai tsaya a bakin ɗaki ba, ya zauna a ƙasa a tsakar gida kusa da randa. Ta gefen labule na ga jakar a cinyarsa. Laka ta bushe a jikinta, igiyar ta tsinke ta gefe ɗaya.

Ya ce, "Gwaggo, tun ranar tana rataye a bayan ƙyaurena. Na ce sai malamai sun zo ne don... ni na cire ta daga jikinsa. Ban iya buɗewa ba." Ya tura ta gaban Gwaggo. "Ki buɗe."

Ta buɗe. Takardar tana ciki a ninke, ruwa ya ci gefenta, amma sunana yana nan, da na Baffa, da yatsun shaidu uku. Ya karanta a bayyane har ƙarshe. Sannan ya ce, "Maman Baraka, na yi miki magana marar daɗi."

Na so in ce masa mai ƙuli-ƙuli ta gode. Na shirya ta tun kwana ashirin. Da ta zo bakina sai na ce, "Ya wuce, Yaya." Bai gama wucewa ba, amma na faɗa.

Gwaggo ta ce, "Ya wuce a nan. A ƙofar masallaci ka ɓata, can za ka je ka gyara."

Ya ciro wayar daga aljihu. Ya ce shekaranjiya yana sahu ta yi ƙara, ya ga saƙon, miliyan uku sun fita zuwa sunan Alhaji. Zai kai masa ya gani da idonsa, ya kuma gaya masa a gaban mutane babu mai jayayya. Ya tafi da Azahar. Fatu ta ce mijinta yana wurin, Yaya ya faɗa da ƙarfi har na bayan sahu suka ji. Alhaji ya ce tunda ya ga saƙon, zai jira ko da wata ya ƙare.

Bayan ya fita Gwaggo ta miƙo min jakar. Ta ce akwai sauran abu a ƙasa, nawa ne.

Alhamis, 31 ga Agusta, da yamma

Kuɗin sun shiga. Ƙarfe goma sha ɗaya matar Alhaji ta shigo ko sallama ba ta gama ba. Da La'asar aka rubuta takarda a zaure, liman da Mamuda da Yaya Sama'ilu suka sa hannu, aka miƙo min ta bayan labule na dangwala. Yaya ya bar wayar a kan tabarma. Na sa ta a caji. Ban buɗe ba tukuna.

Malam, da kai nake yanzu.

Na ga abin da ke ƙasan jakar. Kwaɗo sabo, a cikin ledarsa, da 'yan makulli biyu a zare ɗaya. Shekara bakwai kana cewa ranar da gidan nan ya zama namu, abin da za ka fara yi shi ne cire tsohon kwaɗon Alhaji mai cijewa. Ashe ka tsaya ka saya. Ina nan ina cewa na kore ka cikin hadari kana jin haushina, kai kuwa kana can kana cinikin kwaɗo. Na san ma sai da ka nemi ragi.

Na fita zaure da kaina, Gwaggo tana tsaye ba ta hana ni ba. Na cire na Alhaji na sa naka. Ya rufe lafiya, ya buɗe lafiya. Baraka ta ce ita ma sai ta gwada, ta gwada sau biyar.

Saura kwana tamanin da shida in fita, kuma a ɗakina zan yi su. Lemun ya zama goma sha uku, akwai biyu da suka ɓuya a bayan ganye.

Makulli ɗaya na ɗaura a bakin zanena. Ɗayan na mayar cikin jakarka.